Atunin da Ba Ya Tafiya: Makomar Masu Gyambon Babban Hanji a Yankin Noman Rani na Kura da Bunkure

Tsakure

Wannan maƙala bayani ce a kan cutar da likitoci ke kira alsaretif kolaitis, wadda a nan aka raɗa wa suna gyambon babban hanji. An mayar da hankali ga tambayar da ta fi damun majinyaci, wato halin da zai kasance a ciki bayan shekara 10 ko 20. An ɗauki yankin noman rani na Kura da Bunkure a Jihar Kano a matsayin farfajiyar nazari, saboda a can cutar tana fakewa a bayan wasu cututtuka masu kama da ita, kuma Bahaushe yakan kira su duka da suna guda. Maƙalar ta nuna cewa wani ɓangare na makomar majinyaci ya rataya ne a kan sunan da aka ba ciwonsa, da kuma ma'anar da ya ba kalmar "sauƙi".

1.0 Gabatarwa

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, a zamanin mulkin Gwamna Audu Bako. Daga nan ne babban kanal yake ɗauko ruwa, ya rarraba shi ta ƙananan magudanai zuwa gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam, a ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Ƙasar da a da take bushewa da zarar an gama kaka, matasanta su tafi cin rani, yanzu tana ba da shinkafa da alkama da tumatir da albasa. Kura da aka sani da rini da turkuɗi ta zama garin shinkafa.

Sai dai ruwan da ba ya ƙafewa ya sauya zaman mutane da cuta. Mai dashen shinkafa yakan wuni tsaye a cikin ruwa, mata su yi wanki a bakin kanal, yara su yi kurme da tsakar rana. A irin wannan wuri, ganin jini a bayan gida ba baƙon abu ba ne. To, abin da aka saba gani ba a cika tambayar asalinsa ba.

2.0 Suna Ɗaya, Cututtuka da Yawa

Hausa ba ta yi ƙarancin kalmomi a wannan fage ba. Akwai zawo da gudawa, akwai atuni, wato zawo mai jini da majina da murɗawar ciki, wanda mai shi yakan yi ta yunƙuri abin da ke fita bai taka kara ya karya ba. Akwai basir, wanda aka aro daga Larabci, akwai ɗankanoma, sannan akwai tsargiya ga mai fitsarin jini. Abin lura shi ne, yawancin waɗannan sunaye an gina su ne a kan abin da ido ya gani ko jiki ya ji. Wannan ba aibi ba ne, domin likitancin Turai ma haka ya yi ƙarnoni yana tafiya kafin madubin ƙara girman abu ya shigo hannu. Amma kama da wane ba ta wane. A ƙarƙashin kalmar atuni akwai cututtuka da dama, kowacce da tafarkin da take bi da mutum.

Ta farko ita ce wadda ƙwayoyin bakteriya ke haddasawa, musamman jinsin shigela. Takan zo da zazzaɓi, ta yi mako ɗaya ko biyu ta wuce, ko da yake tana iya hallaka ƙananan yara. Ta biyu ita ce ta amiba, wata halitta mai ƙwayar rai guda wadda Fedor Lösch ya bayyana a Rasha a 1875. Ana ɗaukar ta ta ruwan sha ko abincin da ƙazanta ta taɓa. Tana iya jan makonni, ta lafa ta dawo, wani lokaci ta haura ta tara mugunya a hanta. Duk da haka magani yana kawar da ita gaba ɗaya, in aka sha metronidazol, wanda aka fi sani da Flagyl, aka kuma bi shi da wani maganin da ke kashe ragowar da ta maƙale a cikin hanji.

Ta uku ita ce ta fi alaƙa da kanal. Tsargiyar da Bahaushe ya sani ta mafitsara ce, kuma ita ce ta fi yawa a ƙasar Kano. Amma tsutsar da Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851 tana da 'yar'uwa mai zama a jijiyoyin jinin hanji. Ƙwanta yana fita ta bayan gida, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga jikin wata ƙaramar katantanwa, daga nan 'ya'yan tsutsar su fito, galibi da rana tsaka, su huda fatar wanda ke cikin ruwan. Ƙwayayen da suka kasa fita daga jiki su ne ke yin ɓarna. Wasu su maƙale a bangon hanji su sa zubar jini, wasu jini ya kwashe su zuwa hanta. A jikin kaɗan daga cikin masu ɗauke da ita, bayan shekaru, hanyoyin jini na hanta sukan ƙanƙance, saifa ta kumbura, wata rana mutum ya yi aman jini. Maganin firazikwantel yana kashe tsutsar, amma wanda abincinsa ke cikin ruwa zai sake komawa ruwa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2022, ta ba da shawarar a riƙa raba maganin duk shekara ga kowa da kowa daga ɗan shekara 2 zuwa sama, a duk inda cutar ta kama kashi 10 cikin ɗari na jama'a, ba 'yan makaranta kaɗai ba. Ita wannan ta hanji ba ta da sanannen suna nata na kanta a bakin jama'a. Ana iya ce mata tsargiyar hanji.

Gyambon babban hanji shi ne na huɗu, kuma shi kaɗai ne a cikinsu ba wata ƙwaya ce ke shigowa daga waje ta haddasa shi ba. Garkuwar jikin mutum ce take juyowa ta yaƙi shimfiɗar cikin hanjinsa. Ciwon yakan fara daga dubura ya yi sama ba tare da tsallake wuri ba. A wasu ya tsaya a duburar, a wasu ya cinye ɓangaren hagu, a wasu kuma ya mamaye babban hanjin duka. Ya fi kama mutane tsakanin shekara 15 da 30, wato daidai ƙarfin noma da aure da haihuwa. Ba a ɗaukar sa daga wani, ba a kuma shafa wa wani. Samuel Wilks ne ya fara bambanta shi da atunin ƙwayoyin cuta a Landan a 1859. An daɗe ana ɗauka cewa cutar Turawa ce, har ta kai a 1966 samun mutum huɗu masu ita a Yuganda ya isa a buga shi a mujallar likitocin Birtaniya. Yau manyan asibitocin Nijeriya suna ganin ta.

Kuskuren suna a nan yana da kaifi biyu. In aka ɗauki gyambon hanji a matsayin atuni, sai majinyaci ya shekara yana zarya tsakanin kemis da mai maganin basir, jininsa yana ƙarewa. In kuwa aka ɗauki atunin amiba a matsayin gyambon hanji, aka ba shi magungunan danne garkuwar jiki irin su firednisolon, to amibar tana iya yin ƙarfi har ta huda hanji. Wani abin da ya ƙara rikita al'amarin a wuri irin Kura shi ne, ganin ƙwan tsutsa a gwajin bayan gida ba ya kore gyambon hanji, domin mutum ɗaya yana iya ɗauke da biyun. Abin da ke raba gardama shi ne a magance ƙwayoyin cutar tukuna. In jini bai tsaya ba bayan makonni, sai a leƙa hanjin da na'ura, a yanko ɗan ƙaramin nama a auna.

3.0 Abin da Shekaru Ke Zuwa da Shi

Kafin tsakiyar ƙarni na 20, mummunan tashin wannan ciwo yakan kashe kusan mutum ɗaya cikin uku ko huɗu. Abubuwa biyu suka sauya wannan. A farkon shekarun 1940 Nanna Svartz ta samar da salfasalazin a Suwidin, wanda daga gare shi aka fitar da mesalazin na yanzu. A 1955 kuma Sidney Truelove da Leslie Witts suka tabbatar a Okusfod cewa kotizon yana kwantar da ciwon. A yau, a asibitocin da suka ƙware, mace-mace a irin wannan tashi ba su wuce kusan ɗaya cikin ɗari ba.

Binciken da aka fi dogaro da shi wajen sanin makoma shi ne wanda aka yi a kudu maso gabashin Norwe, inda aka bi sawun duk waɗanda aka gano suna da cutar a farkon shekarun 1990. Bayan shekara 10, kashi 55 cikin ɗari sun ce ciwon ya fi tsanani a farko, daga baya ya lafa ko ya yi laushi. Kashi 37 yana tashi yana kwanciya. Kashi 6 bai taɓa sakin su ba, sannan kashi 1 ne kacal abin ya riƙa ƙaruwa. Waɗanda aka cire wa babban hanji ba su cika kashi 10 ba. Da aka kai shekara 20, ba a ga yawan mutuwarsu ya zarce na sauran jama'a ba. A taƙaice, cutar tana wahalarwa, amma ga mafi yawan mutane ba ta rage kwana. Shinzo Abe ya kamu da ita tun yana matashi. Ta sa ya sauka daga muƙamin Firayim Ministan Japan a 2007, ya dawo a 2012 bayan ya dace da magani, ya riƙe muƙamin fiye da kowa a tarihin ƙasar, sannan ta sake tasowa ya sauka a 2020. Rayuwarsa ta nuna fuskokin cutar biyu: tana barin mutum ya yi aiki, amma ba ta mantawa da shi.

Dole a yi hattara da waɗannan alƙaluma. Mutanen Norwe an gano ciwonsu da wuri, magani bai taɓa yanke musu don rashin kuɗi ba, asibiti kuma yana kiran su lokaci-lokaci. Alƙaluman suna faɗin abin da cutar ke yi ne idan an tsare ta. Manomin Bunkure da ya kai shekara uku kafin a ambaci sunan ciwonsa bai fara tafiyar daga inda suka fara ba.

Akwai alamomin da ke nuna wanda ciwon zai fi matsa wa: wanda ya kamu yana yaro, wanda ciwon ya mamaye hanjin duka, wanda tun tashin farko sai da aka kwantar da shi, da wanda ba ya samun sauƙi sai da firednisolon. Haka kuma ciwon da ya fara a ƙasa yana iya haurawa, kuma hakan na faruwa ga kimanin ɗaya cikin huɗu a cikin shekara 10. Ba a hanji kaɗai yake tsayawa ba. Yana taɓa gaɓoɓi da ido da fata, ga kuma ƙarancin jini, wanda a yankin da zazzaɓin cizon sauro ya riga ya rage wa mutane jini ba ƙaramin abu ba ne.

Mata sukan tambayi batun haihuwa, ko su yi shiru alhali shi ne a ransu. Idan ciwon yana kwance, mace tana ɗaukar ciki kamar kowa. Haɗarin ɓari da haihuwar bakwaini yana ƙaruwa ne idan aka ɗauki cikin ciwon yana tashe, ko aka bar magani don tsoron kada ya taɓa jariri. Mesalazin yana cikin magungunan da likitoci ke barin mai ciki da mai shayarwa su ci gaba da sha.

3.1 Ciwon Daji da Tiyata

Hanjin da ya daɗe yana kumburi yana iya rikiɗewa ya zama ciwon daji. Wani nazari na 2001 ya ƙiyasta haɗarin da kashi 2 cikin ɗari bayan shekara 10, kashi 8 bayan 20, da kashi 18 bayan 30. Waɗannan alƙaluma sun tsorata mutane, amma nazarce-nazarcen baya, waɗanda suka duba jama'a gaba ɗaya ba majinyatan manyan asibitoci kaɗai ba, sun sami abin da bai kai haka ba. Wanda ciwonsa ya tsaya a dubura haɗarinsa daidai yake da na kowa. Ga sauran, ƙa'ida ita ce a fara leƙa hanji bayan shekara 8 da farawar alamu, a riƙa maimaitawa. A lura, daga farawar alamu ake ƙirgawa, ba daga ranar da likita ya faɗi sunan cutar ba. Don haka shekarun da aka yi ana ce wa ciwon basir suna cikin lissafi.

Idan magani ya gaza, ko aka ga alamun daji, sai a cire babban hanjin, kuma da cire shi ciwon hanjin ya ƙare. Daga nan ko dai a fito da bakin ƙaramin hanji ta jikin ciki a manna jaka, ko a naɗe ƙarshensa a yi wata 'yar ma'ajiya a haɗa ta da dubura, dabarar da Alan Parks da John Nicholls suka bayyana a 1978. Ga Musulmi, tsoron jaka ba na kunya kaɗai ba ne, har da na tsarki da salla da shiga sahu. Abin sha'awa, fiƙihun da ake karantawa a zaurukan Kano bai bar wannan ba. Mukhtasar na Shaihu Khalil, littafin ƙarni na 14, ya yi magana a babin abubuwan da ke warware alwala a kan ƙazantar da ke fita ta wata kafa a ƙarƙashin tumbi, malamai kuma suna da sassauci sananne ga wanda hadasi ya lizimce shi. Da likita da malami za su zauna a kan wannan batu, da an rage masu gudun tiyata har sai lokaci ya ƙure.

4.0 Tsakanin Sauƙi da Warkewa

A nan ne manazarcin Hausa yake da abin cewa. Idan aka je dubiya, "Ya jiki?" ake tambaya, amsar kuwa "Da sauƙi," ko da mai jinya yana kan gargara. Addu'ar ma ita ce Allah ya ƙara sauƙi. Kalmar tana ɗauke da ladabi da tawakkali, ba rahoton halin jiki ba ce. Likitan da ya ji "da sauƙi" ya rufe fayil bai ji komai ba. Tambayar da ke fito da gaskiya ita ce ta ƙirge: sau nawa aka zaga jiya, sau nawa aka tashi cikin dare, akwai jini ko babu.

Ta ɗaya gefen kuma, tunanin Bahaushe game da magani ya fi karkata ga abin da ke fitar da cuta. Ana shan tsimi ko jiƙo don a wanke ciki, dattin ya fita, a huta. Maganin da za a sha alhali ba a jin ciwon komai, shekara da shekaru, baƙon abu ne a wannan tsari, ko da yake hawan jini da ciwon suga sun fara sabar da mutane da shi. Gyambon babban hanji kuwa lafawa yake yi, ba ya warkewa. Harshen yana da kalmar da ta dace: wuta takan lafa, rikici yakan lafa, kowa kuma ya san abin da ya lafa yana iya tashi. Wani bincike a Amurka ya nuna cewa waɗanda suka yi sakaci da mesalazin bayan ciwon ya kwanta sun fi masu sha haɗarin dawowarsa har ninki biyar. Saboda haka fassarar da ma'aikacin lafiya zai yi wa majinyaci, ko ya ce "ka warke" ko ya ce "ya lafa", tana iya zama bambancin shekara guda ta lafiya da shekara guda ta jinya. Mai azumi ma yana da mafita, tunda an tabbatar shan mesalazin sau ɗaya a yini yana aiki kamar rarraba shi.

Haka batun sunan cutar yake. In aka ce mata "olsa", an tura majinyaci ga maganin gyambon ciki, wanda ba ya yi mata komai. In aka ce basir, an miƙa shi ga masu lasifika a kasuwa. Wannan ne dalilin zaɓar "gyambon babban hanji" a nan, duk da tsawonsa. Gyambo a Hausa miki ne da ya daɗe ya ƙi warkewa, kalmar kuwa ta riga ta ɗauki ma'anar daɗewa da ake son majinyaci ya fahimta.

Ba a ce magungunan gargajiya ba su da abin dubawa ba. Bagaruwa da sabara da ake ba mai zawo suna da sinadaran da ke ɗaure ciki, kuma a Indiya an gwada ƙaron wata bishiya 'yar'uwar hano a kan masu wannan ciwo a 1997, ko da yake mutanen da aka gwada ba su da yawa. Matsalar ita ce ɗaure ciki daban, kashe kumburi daban. Mai sha zai ga zawo ya ragu, gyambon kuwa yana nan yana ci. Magungunan kemis ma suna da nasu haɗarin. Manomin da ya wuni a sunkuye yakan nemi diklofenak ko ibufurofen don ciwon jiki, su kuwa suna iya tayar da ciwon da ke kwance. Maganin tsayar da zawo a lokacin tashi mai tsanani yana iya sa hanji ya kumbura ya daina motsi, har ya fashe.

Truelove da Witts sun bar wa likitoci ma'aunin gane tashin da ba a jinyar sa a gida, kuma iyali ma za su iya riƙe shi: zawo mai jini sau shida ko fiye a yini, haɗe da zazzaɓi, ko bugun zuciya da sauri, ko ɗashewar ido da tafin hannu. Mai wannan hali gadon asibiti yake buƙata a ranar, domin kusan ɗaya cikin uku ba sa jin allurar farko, kuma a kwana na uku ake yanke shawarar sauya magani ko kiran likitan tiyata. Sababbin magunguna irin su infiliksimab, wanda aka amince da shi ga wannan cuta a Amurka a 2005, suna ceton hanjin wasu, sai dai suna da tsada ƙwarai, kuma ba a fara su sai an tabbatar mutum ba ya ɗauke da tarin fuka ko ciwon hanta nau'in B, waɗanda dukkansu suna nan a ƙasar Hausa. Daga Kura zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano tafiyar kimanin kilomita 30 ce a kan titin Zariya. Abin da ya fi cin lokaci shi ne kafin wani a gida, ko a kemis, ko a ƙaramin asibiti, ya lura cewa atunin da ya haura wata guda, aka sha Flagyl sau biyu bai tafi ba, ya kamata a nema masa wani suna.